Ɗa Ɗaya, Idanu Goma Sha Biyu: Darasi Daga Iyayen Ƙasar Sin

Kowace shekara idan watan Yuni ya kama, samari da 'yan matan ƙasar Sin sukan zauna jarrabawar shiga jami'a wadda suke kira Gaokao. A 2024 fiye da miliyan 13 ne suka yi rajista. Amma a ganina wuyar ba a ɗakin jarrabawa take ba. Tana zuwa ne bayan sakamako ya fito, sa'ad da za a ba yaro 'yan kwanaki ya zaɓi jami'a da fannin da zai karanta. A nan ne muryar iyaye kan danne ta ɗa.

Wanda ya san tarihin ƙasar ba zai yi saurin ganin laifinsu ba. An dakatar da jarrabawar a 1966, zamanin Mao, sai a 1977 Deng Xiaoping ya maido da ita. Mutum miliyan 5 da dubu 700 suka zauna, aka ɗauki wajen dubu 270 kacal. A lokacin kuwa gwamnati ce ke tura wanda ya gama jami'a wurin da zai yi aiki, har aka janye tsarin cikin shekarun 1990. Watau kakannin yaran yau ba a taɓa tambayarsu abin da suke so su zama ba. Ga kuma dokar haihuwar ɗa ɗaya, daga 1980 zuwa 2015, wadda ta sa a gidajen birni da dama uwa da uba da kakanni huɗu duk sun zuba wa yaro guda ido.

Ƙaunar ba ta da shakka. A garin Maotanchang na lardin Anhui, uwaye sukan bar gidajensu su kama hayar ɗaki kusa da makaranta, suna yi wa yaro girki da wanki shekara guda don kada komai ya raba shi da littafi. To, wanda aka yi wa wannan hidima, da wane baki zai ce shi zane yake so ko aikin gona? Iyayen sun fi son aikin gwamnati, wanda suke yi wa kirari da kwanon shinkafa na ƙarfe, don ba ya fashewa. Shi ya sa mutum miliyan 3 suka nemi gurabe ƙasa da dubu 40 a jarrabawar ɗaukar ma'aikata ta 2024.

Mai kare su zai ce talaka ba ya caca da ɗansa, balle da rashin aikin yi tsakanin matasan birane ya haura kashi 21 cikin 100 a watan Yunin 2023. Gaskiya ne. Sai dai sanin da uba ya yi wa kasuwa sanin jiya ne. Da gine-gine ke tashe, iyaye sun yi ta tura 'ya'yansu karatun injiniyan gini. Da kamfanin Evergrande ya durƙushe da bashi a 2021, kasuwar gidaje ta faɗi, fannin ya rasa farin jini. Wanda ya zaɓa da kansa yakan daure ya nemi wata ƙofa. Wanda aka zaɓa wa kuwa sai ya tsaya yana jiran a sake nuna masa hanya, gama bai taɓa yanke shawara ba, balle ya yarda da hankalinsa.

Ba cewa nake yi a sakar wa yaro linzami ba. Uban da ya ce "yi abin da ka ga dama" ya juya baya, shi ma ya cuci ɗansa. Ƙwarin zuciya yana samuwa ne idan uba ya zauna da ɗa, ya tambaye shi, ya saurara, ya kai shi wurin masu sana'ar ya gani da idonsa, ya gaya masa riba da asara, sa'an nan ya bar shi ya faɗi ta bakinsa.

To, 'yan'uwa mazauna Agege da Sabon Ibadan da Fatakwal, in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Wani cikinmu ya rantse ɗansa sai ya gaje shi a kara ko a rumfar goro, wani kuma ya ce sai likita ko ana ha-maza ha-mata. Mu tuna yawancinmu da kanmu muka yanke shawarar shiga mota zuwa Kurmi. Abin da iyayenmu suka ba mu shi ne nasiha da albarka, da su kuwa muka tsaya da ƙafafunmu a baƙon wuri. Kada mu hana 'ya'yanmu guzurin da aka yi mana. Allah ya shirya mana zuriya, amin.