Maganin farfaɗiya ba a aronsa wurin maƙwabta

A unguwanninmu, da zarar yaro ya fara faɗuwa, kafin a kai shi likita an sami mai cewa "ga ƙwayar da ɗana ke sha, gwada masa". Niyyar mai kyau ce, amma ni a ganina ɗabi'a ce da ya kamata mu bari, don farfaɗiya iri-iri ce, magungunanta ma haka.

Gardénal shi aka fi sani nan Nijar, saboda araha, kuma sau ɗaya ake sha a rana. Yana tsayar da faɗuwa ga mutane da yawa. Sai dai mu malaman makaranta mun san ɗaya fuskar tasa: yaro na gyangyaɗi a aji tun ƙarfe tara, ko kuwa ya kasa zama wuri guda, a yi ta dukansa wai ƙiriniya ce. Tégrétol kuwa yana aiki sosai ga farfaɗiyar da ke tasowa daga sashe guda na ƙwaƙwalwa. Amma akwai wata iri wadda yaro ba ya faɗuwa ma, ido kawai zai ƙura na ƴan daƙiƙoƙi, a kira shi bai ji ba, sannan ya dawo kamar ba a yi komai ba. Irin wannan, Tégrétol na iya ƙara tsananta ta. To, maƙwabciyar da ta miƙo rabin kwali ta san haka?

Wanda ya fi damuna shi ne Dépakine. Magani ne mai ƙarfi, yana yi wa har waccan ta ƙura ido, amma ga mai ciki haɗari ne babba: kusan jariri 1 cikin 10 na iya zuwa da nakasa a jiki, wasu kuma su taso da jinkirin magana da fahimta. Mu da ake aurar da yarinya tana shekara 15 ko 16, dole likita ya ji maganar aure kafin ya rubuta takarda, ko da iyaye na jin kunyar faɗi. Kuma matar da ta riga ta sami ciki kada ta ajiye shi da kanta, ta koma likita da sauri.

Likita da bayaninmu yake zaɓe. A faɗa masa yadda abin ke farawa da tsawon lokacin da yake ɗauka. Mai waya ya ɗauki bidiyo ya nuna masa.

Sauran magana ta hukuma ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har kashi 70 cikin 100 na masu farfaɗiya za su iya daina faɗuwa in sun sami maganin da ya dace. Amma katse shan sa kwatsam na iya jawo faɗuwa a jere har a rasa rai. Uban da ya je asibitin ƙauye aka ce masa babu, wajen masu tallar ƙwaya a kasuwa zai nufa. Ma'aikatar kiwon lafiya ta tabbatar aƙalla waɗannan ukun suna nan kowane wata a ƙananan asibitoci, da kuɗin da manomi zai iya biya.