Famfon lantarki ba shi ne maganin zafin inji a Adar ba

Mafi yawan baburan kabu-kabu da ke zirga-zirga a Tawa iska ce ke sanyaya injinsu, don haka maganar famfon ruwa ba ta shafe su ba. Masu babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, irin mai lagireto, su ta shafa, waɗanda ke kwasar buhunan albasa daga Tamaske ko gero zuwa kasuwar Lahadi ta Tawa. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura maki 40, inji kan tafasa a hanya, sai ka ji ana ba da shawarar a cire famfon da inji ke juyawa a sa na lantarki. A ganina, an bar jaki ne ana dukan taiki.

Famfon asali a haɗe yake da inji: muddin inji na juyawa, ruwa na zagayawa. Idan babur ya shiga yashi, ko ya kama hawan dutse tsakanin Keita da Buza da giya ɗaya, inji na ruri, famfon ma gudu yake sosai. Iska ce ke ƙaranci a wannan lokaci, domin tafiyar a hankali ake yinta, ƙurar hunturu ta toshe ramukan lagireto, fanka kuma wataƙila ta daɗe da mutuwa. Sai matsalar ruwan kansa. Adar ƙasa ce mai dutsen farar ƙasa, irin wanda ake haƙa a Malbaza ana yin siminti, kuma ruwan rijiya da ake ɗurawa kullum yana barin farin ɓawo a cikin bututu har hanyar ta tsuke. Duk wanda ya kwance murfin tsohon lagireto ya shafa bakinsa da yatsa zai ji gautsin ɓawon. Sabon famfo ba zai buɗe hanyar da ta toshe ba.

Ga kuma haɗari. Famfon lantarki da batir mai bolt 12 ya dogara, alhali ƙaramin koyil ɗin babur da ƙyar yake ciyar da fitila da fanka. Idan gargada ta kwance waya ɗaya ko fiyus ya ƙone, sai ruwa ya tsaya, inji kuwa ya ci gaba da aiki babu wata alama, har gasket ya ƙone. Tsohon famfo yakan yi gargaɗi kafin ya mutu, ya fara ɗigo ko ƙara, kuma bakanike a Tabalak ko Abalak zai iya canza masa sil.

Masu goyon bayan canjin suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Famfon lantarki yana zagaya ruwa sosai ko da babur na tsaye a tasha, yana iya ci gaba bayan an kashe inji, kuma BMW ta fara sa shi a wasu motocinta tun 2004. Sai dai a waɗancan motoci kwamfuta ce ke lura da zafi tana sarrafa famfon, tana kunna fitilar gargaɗi idan ya tsaya. Babur ɗin da ke ɗaukar albasa ba shi da wannan mai gadi. Inda na yarda da canjin shi ne idan famfon asali ya lalace kuma an rasa irinsa a kasuwa, shi ma da sharaɗin a haɗa da rile da fiyus da agogon zafi a gaban direba.

Masu garejin Tawa, kafin ku karɓi kuɗin mutum don sabon famfo, ku wanke masa lagireto ciki da waje, ku gyara fanka, ku zuba ruwan sanyaya inji na galan, ku kuma gaya masa gaskiya ya rage lodi.