Idan Wasa Ne, Me Ya Kawo 'Yan Sanda?

Da zarar an ambaci Pashtun, bindiga da duwatsu ke faɗo wa mutane a rai. Mu kuma muna cewa wannan hoton Turawan mulkin mallaka ne suka zana shi, kuma duk mai maimaita shi aikinsu yake ƙarasa musu. Tarihin mutanen nan yana da wani babi da ake tsallakewa, wato babin wasan kwaikwayo.

A shekarar 1921 Khan Abdul Ghaffar Khan, wanda ake kira Bacha Khan, ya buɗe makarantar Azad a garinsu Utmanzai, kusa da Charsadda, a arewa maso yammacin Pakistan ta yau. A lokacin yankin yana ƙarƙashin Birtaniya, ga kuma dokar iyaka ta 1901 da ke ba jami'i ikon hukunta dangi ko ƙauye ɗungurungum saboda laifin mutum ɗaya. Yawancin jama'a ba su iya karatu ba. To, ta yaya za ka farkar da manomin da jarida ba ta isa gare shi?

Amsar ta fito a 1927, lokacin da ɗaliban makarantar suka gabatar da Dre Yatiman, ma'ana Marayu Uku, na Abdul Akbar Khan Akbar, wasan da ake lissafawa a matsayin na farko da harshen Pashto. Manomi ya zauna ya ga zaluncin da yake sha an ɗora shi a dandali, da harshen da ya sha a nono. Mujallar Pakhtun ta biyo baya a 1928, sai ƙungiyar Khudai Khidmatgar ta masu jajayen riguna a 1929, waɗanda suka yi rantsuwar ba za su ɗauki makami ba. Ranar 23 ga Afrilu, 1930, sojoji suka buɗe wa masu zanga-zanga wuta a kasuwar Qissa Khwani ta Peshawar. Bayan wannan ne Amir Nawaz Jalia ya rubuta wasan Dard, wato Raɗaɗi, kuma waɗanda suka taka rawa a ciki kurkuku suka ƙare.

Masu raina wannan fage sukan ce ai wasa ne, sunansa ma ya nuna. Muna tambayarsu: idan wasa ne, me ya kawo 'yan sanda? Me ya sa tun 1876 gwamnatin Birtaniya a Indiya ta yi doka sukutum domin hana wasannin da ta ga za su tunzura jama'a? Mai mulki ya fi kowa sanin abin da ke hana shi barci. Mai bindiga ya saba da shi, yana da rundunar da za ta ji da shi. Yaron makaranta da ya sa taron ƙauye kuka da dariya a kan azzalumi, wannan ne ya rasa yadda zai yi da shi.

Wasu za su ce wasa bai kori Bature ba. Gaskiya ne, shi kaɗai bai kore shi ba. Amma kafin mutum ya fito ya tsaya gaban bindiga hannu rabbana, sai an fara cire masa tsoro, kuma a irin wannan dandali aka soma cire shi.

Mu ma ba baƙi ba ne a wannan hanya. Malam Aminu Kano ya rubuta wasanni yana zambar zaluncin mahukunta tun yana matashin malamin makaranta. Don haka idan muka ji ana kiran marubutan wasanninmu 'yan shiririta, mu tuna musu da Utmanzai, mu kuma tambayi marubutan kansu wane azzalumi ne wasansu na bana ya dama wa lissafi.