Gwajin Kyamara Ba a Bakin Mai Sayarwa Yake Ba

A Maiduguri, duk mai ɗaukar hoto da ya je sayen kyamara, ko wayar da zai yi sana'a da ita, abin da akan fara gaya masa shi ne yawan megafiksel, watau miliyoyin ɗige-ɗigen da ke haɗuwa su zama hoto. Wannan tana da 50, waccan 108. To, amma fa kuɗin da mutum ya shekara yana tarawa bai kamata su tafi a kan lamba ba.

Wasu wayoyin Samsung masu 108 sukan haɗa ɗigo 9 su zama ɗaya, hoton ya fito da 12 kacal. Abin da ya fi lambar nan tasiri shi ne faɗin farantin da ke karɓar haske. Na babbar kyamara yakan kai milimita 36 da 24, alhali kuwa na yawancin wayoyi bai wuce farcen yatsa ba.

Saboda haka gwaji na adalci shi ne a ɗauki abu guda, daga wuri guda, cikin lokaci guda. Wanda ya ɗauki ƙofar fadar Shehun Borno da hantsi, ya koma da wata kyamarar bayan hazo ya sauko, yanayi ya gwada, ba kyamara ba. A kafa su a kan abin da ba ya motsi, a goge gilashi, a kashe abin nan mai goge fuska.

Jarrabawa mafi tsanani kuwa tana nan gida: baƙin mutum cikin farar babbar riga, da hular Zanna, a tsakar ranar Afrilu. Kyamara mai rauni ko dai ta ƙone rigar har aikin wuyanta ya ɓace, ko ta bar fuskar cikin duhu. Sa'an nan a sāke bayan magariba, domin yawancin shagalin biki da dare ake yi, kuma amarya ba ta sake zaman lalle don hoto ya lalace.

Kada a yanke hukunci a fuskar waya, ko bayan an aika ta WhatsApp, wanda kan matse hoto. A wanke duka biyun a takarda mai girma ɗaya, a miƙa wa wanda bai san wacce ta ɗauki wanne ba, ya zaɓa.