Gwarzo Ko Ɓarawo? Tsokaci Kan Ra'ayoyin 'Yan Kallon Peaky Blinders

Wasan kwaikwayon nan na talabijin mai suna Peaky Blinders, wanda gidan BBC ya nuna daga 2013 zuwa 2022, ya samu 'yan kallo da dama a cikin samarin ƙasar Hausa. Labarin ya soma ne a birnin Bamingam na Ingila a 1919, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Jigonsa shi ne yadda wani tsohon soja, wato Thomas Shelby, ya ja ragamar danginsa daga cacar sukuwar dawaki da dabar unguwa, har suka kai ga fasa-ƙwaurin giya zuwa Amurka a zamanin da aka haramta sayar da ita a can, shi kuwa ya zama ɗan majalisa.

Ra'ayin 'yan kallo game da wannan wasa ya kasu gida biyu. Kashi na farko suna ganin Shelby gwarzo ne, talaka wanda ya ƙi yarda a taka shi, ya kuma tsare mutuncin gidansu. Irin waɗannan su ne ke liƙa hotonsa a wayoyinsu, da hular nan tasa da taba a baki. Kashi na biyu kuwa cewa suke wasan makarantar koyon ta'addanci ce, saboda haka a hana shi. Duka ɓangarorin biyu sun tsaya ne a kan shi Shelby. Da wuya a ji wanda ya tambayi labarin mutanen da aka bi ta kansu kafin ya kai inda ya kai.

Dalilin haka ba ɓoyayye ba ne. Nisan zamani da nisan ƙasa sukan wanke wa mugu fuska. An ɗinka wa ɗan daba kwat, an sa masa kiɗa, an ba shi fasahar magana, sannan ta idonsa ake kallon kome. Alhali kuwa masanin tarihin Bamingam, Carl Chinn, ya nuna cewa 'yan dabar ainihi masu wannan suna sun yi tashensu ne tun wajen 1890, kuma maƙwabtansu talakawa suka fi cuta.

To, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mutumin Darini, da sauran mutanen ƙasar Batsari da Safana da ke gefen dajin Rugu, ba sa bukatar akwatin talabijin kafin su san ɗan ta'adda. A watan Fabrairu na 2020 ɓarayin daji suka afka wa ƙauyukan Tsauwa da Dankar na ƙasar Batsari, suka kashe mutum 30. A 2021 gwamnatin Jihar Katsina ta hana cinikin dabbobi a kasuwannin yankin, ta hana sayar da fetur a jarka, aka kuma yanke layukan waya. Wannan mataki kaɗai ya isa ya nuna cewa ɓarawon daji ba ya rayuwa sai da mai kai masa fetur da makami a ɓoye, da mai fitar masa da shanun sata. Ashe fasa-ƙwaurin da ake tafa wa a wasa, shi ne ke ciyar da masu ƙona ƙauye.

Duk da haka, hani ba magani ba ne. A 2021 Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano ta hana nuna satar mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya a fina-finan Hausa, amma ba ta da iko da abin da ke shigowa ta intanet. Abin da ya kamata shi ne marubutan Hausa su ba da nasu labarin, domin kayan aiki na nan jibge. Akwai tarihin Ruma da mayaƙanta irin su Ɗanwaire, zamanin hare-haren Maraɗi. Akwai iyakar da Ingila da Faransa suka shata a farkon ƙarni na 20, wadda ta raba dangi, ta mai da fatauci tsakanin Katsina da Maraɗi laifi idan ba a bi ta hannun kwastan ba. Akwai kuma rufe iyaka na 1984 da na 2019, da irin cinikin dare da suka haifar.

Sai dai fa wanda zai rubuta irin wannan wasa ya lura da inda zai tsayar da ɗan kallo. Idan ya tsayar da shi a bayan mai bindiga, to, ya sake ƙera wani Shelby ne da rawani. Idan kuwa ya tsayar da shi kusa da manomin da ya bar gonarsa, ko matar da ta sayar da akuyarta don biyan kuɗin fansa, to, ɗan kallo zai tashi da sanin ko nawa ne kuɗin wannan kwat, da kuma wanda ya biya. Wannan aiki ne da ke jiran ɗaliban Hausa, musamman 'ya'yan yankin, domin gani ya kori ji.