Ruwan Fadama Ba Shi Da Mudu Ɗaya

Yau filinmu ya leƙa ƙasar Bade ne, wato Jakusko da Gashuwa, har zuwa Nguru, inda kogin Haɗeja da na Jama'are ke baje ruwansu cikin fadama kafin su haɗu su zama kogin Yobe. A wannan yanki rayuwar mai shinkafa, da masunci, da mai shanu, duk ta rataya ne a kan tambaya guda: ina ruwa zai tsaya bana?

In ka tambayi dattijon Gogaram, zai ce maka ruwan da ya fi na yanzu. In ka tambayi saurayin da ambaliyar 2022 ta ci gonarsa, zai ce ruwa ƙaruwa yake yi. To, dukansu sun faɗi gaskiya, amma kowa gefe guda ya gani.

Ga yadda abin yake. Shekarun 1950 shekarun albarka ne a duk faɗin ƙasashen bakin Hamada. Daga nan sai fari ya auko a 1972 da 1973, ya kuma komo a 1983 da 1984. Ana cikin haka aka gama madatsar Tiga a 1974, sa'an nan ta Challawa a 1992, suka riƙe ruwan da kan gangaro daga Kano. Masanan da suka auna malalar sun nuna cewa a 1969 ruwa ya rufe fili fiye da murabba'in kilomita 2,000, amma a 1993 bai kai 500 ba. Bayan wannan kuma damina ta farfaɗo, aka sha ambaliya a 2012 da 2020 da 2022. Ga kuma ciyawar nan kacalla da ta toshe hanyoyin ruwa, har ya kan bar inda ake jiransa ya auka inda ba a gayyace shi ba.

Abin lura shi ne, shekara ɗaya ko biyar ba su isa a yanke wa ruwa hukunci ba. A shekarun ƙamfa mutane sun ga kwari ya bushe, suka yi gini a ciki, suna zaton ruwa ya yi ƙaura ke nan. Da ya komo bai tambayi kowa hanya ba. Haka kuma wanda ya ga ambaliyar jiya ya sayar da injin ban-ruwansa, wata rana zai ciji yatsa.

Saboda haka muna roƙon hukuma abu uku. Na farko, a kafa ma'aunin ruwa a Jakusko da manyan ƙauyukan bakin kogi, a riƙa rubutawa kowace shekara ba fashi. Na biyu, masu kula da madatsai su sanar da talakawa tun da wuri in za su saki ruwa ko su riƙe. Na uku, hakimai da dagatai su zauna da dattawa a shata inda ruwa ya taɓa kaiwa, a hana gini a wurin, gama da tsohuwar zuma ake magani.

Allah ya ba mu damina mai albarka. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.