Ihu Ma Sana'a Ce, Ku Daina Cinye Wa Yara Maƙogwaro

Jama'a, yau sai ku yi mini haƙuri, babi na gaba zai jira mako mai zuwa, domin akwai abin da ya tsaya mini a rai.

Ɗan yayata da ke karatu a Birmingham ta Ingila ne ya zo hutu, na gaishe shi ya amsa da murya kamar ta tsohon da mura ta kwantar. Da na matsa masa sai ya ce wai shi da abokansa sun kafa ƙungiyar kiɗan metal, kiɗan nan mai rugugin jita da ganguna wanda mawaƙinsa ke gurnani da ihu a maimakon rerawa. Suka haɗa kuɗi suka kama wani ƙaramin situdiyo na yini guda. Mai situdiyon ya tsayar da shi gaban makirufo tun hantsi har bayan la'asar, ba abin da yake ce masa sai "ƙara ƙarfi, sake." Yaro ya ce da dare in ya haɗiyi yawu sai ya ji kamar reza ya haɗiya.

Uwarsa ta ce laifin kiɗan ne. Ni ba mai sauraron kiɗan nan ba ne, Shata da Ɗanƙwairo sun ishe ni, amma wallahi ban yarda da ita ba. Laifin na mai ɗaukar muryar ne, wanda ya ɗauka ihu ba ya bukatar koyo, duk mai fushi da maƙogwaro zai iya. Abin haushin ma a garin da aka haifi kiɗan yake zaune: a Birmingham Black Sabbath suka taso, faifansu na farko ya fito a 1970, daga yankin ne kuma Napalm Death suka fito da Scum a 1987. Mutumin da ke cin abinci da wannan sana'a a wannan gari ba shi da uzurin jahilci.

Ga abin da ya kamata ya sani. A maƙogwaro akwai 'yan tsokoki biyu masu kaɗawa su ba da murya, a samansu kuma akwai wasu naɗe-naɗe biyu. Ƙwararren mai gurnani da na saman nan yake samar da kaushin, yana turo iska daga ciki, ba ya matse wuya. Shi kuwa sabon shiga yakan daddage ya yi ta gwara na ƙasan da juna har su kumbura, in abin ya daɗe su yi kanta irin ta tafin hannun manomi. Kuma yawancin ƙarar da kuke ji a faifai aikin makirufo ne da na'ura, mawaƙin bai kai haka ƙarfi ba a cikin ɗakin. To don me za ka ce wa yaro ƙara ƙarfi alhali maɓallin ƙarfin yana ƙarƙashin yatsanka? Sau da yawa ma jita ce ta cika masa kunne, bai jin kansa, shi ya sa yake ƙure murya. Rage masa jitar kawai.

Kada wani ya ce mini ai ba a koyar da wannan. Tun 2005 Melissa Cross ta Amurka ta fitar da faifan koyarwa mai suna The Zen of Screaming. Matt Heafy na ƙungiyar Trivium, da duk shekarunsa a fage, muryarsa ta ɗauke a 2014, dole ya koma wurin malami ya sake koyo daga tushe, faifan da suka fitar a 2015 babu ihu a ciki. Idan ruwa ya ci gwani, ina ga wanda jiya ya shiga kogi? Ko a nan gida mai kirari a fagen dambe ba rana ɗaya ya fara ba, ya daɗe yana bin na gaba da shi.

Na san amsarsu: kuɗin yaran na yini ɗaya ne, dole a gama. Wannan magana na sha jin irinta a kasuwar littafi, inda ake karɓar rubutun sabuwar marubuciya a kai maɗaba'a ba gyara don kada kasuwa ta wuce. Bambancin shi ne littafi ana sake buga shi. Da mutumin nan ya raba yinin gida uku, ya bar yaro ya ɗumama murya, ya ɗauka layi-layi, ya tsaya da zarar an ce akwai zafi, da kuɗin bai ƙaru ba sosai.

Kafin ya koma sai da ya kunna mini waƙar a wayarsa. Na tambaye shi wace ɗauka suka yi amfani da ita a ƙarshe. Ya ce ta hantsi, ta biyu da ta uku, duk na bayan azahar an zubar da su.